Ragon da Aka Ceta

Yuni

Yaya Walt,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da uwargida Bev. Yaya gwiwar? Ko ta bari ka hau tarakta bana?

Majalisar garinmu ta ware kusurwar wurin shaƙatawa, can bayan filin ƙwallo, domin yaran unguwa su yi kiwo. Na halarci zaman. Duk shekarun da na yi ina ɗauko wa jarida rahoton majalisa, ban taɓa ganin an kaɗa ƙuri'a da fara'a haka ba. An kafa shinge, an yi rumfa. Jikata Josie ta samu ɗan rago, ta sa masa suna Biskit. Ita ke ba shi abinci, ita ke share garken, har ta koyi yanke masa kofato.

Ta san a watan Agusta za a kai shi baje kolin gunduma, a yi gwanjonsa, mota ta wuce da shi mayanka. Na faɗa mata tun ranar farko, kamar yadda Baba ya faɗa mana a gona. Ta yi kukanta, ta share hawaye, ta ɗauki bokiti. Abin da nake shakka shi ne ko maƙwabtan da suka goyi bayan shirin sun san haka. Su dai hoto suke zuwa ɗauka.

Ƙanwarka,
Lorraine

Agusta

Yaya Walt,

Ina gaisuwa, da fatan ruwan da kuke jira ya sauka.

An yi gwanjo. Biskit bai hau motar ba. Carol Pruitt, shugabar ƙungiyar masu gidaje a unguwarmu, ta tambayi Josie inda ragon zai zauna bayan baje koli, yarinyar ta faɗa mata gaskiya. Carol ta bi gida gida ta tara gudummawa, ta je ta kayar da mahauci a ciniki, ta dawo da shi garken da jan ƙyalle a wuya. An rataya allo: “An cece shi.”

Dabbobin sauran yaran duk sun tafi, shi kaɗai ya rage, yana kuka yini guda. Josie ta ce wa Carol rago ba ya zama shi kaɗai, kuma kada a bari kowa ya riƙa jefa masa abinci. Carol ta shafa kanta ta ce, “Ke dai huta, 'yar nan, yanzu ragon na kowa ne.” Na ce, “Carol, ke da ko kyanwa ba ki taɓa riƙewa ba?” Ta yi dariya, ta karɓe mabuɗin garken daga hannun yarinyar.

Ka gaida Bev.

Lorraine

Oktoba

Yaya Walt,

Ina fatan an gama girbi lafiya. Mu ma lafiya, a jiki dai.

Biskit ya mutu. Kowa ya zo wucewa sai ya nuna tausayinsa: burodi, ragowar kek, hatsin karin kumallo. Wani bawan Allah ya yanke ciyawar gidansa da inji, ya juye masa buhu guda ta saman shinge. Ka san abin da wannan ke yi wa cikin rago. Josie ce ta hango shi a kwance, gefensa na hagu ya kumbura. Ta ruga gidan Carol neman mabuɗi, ba ta nan. Ta haura shingen, ta riƙe kansa a cinyarta har likitan dabbobi ya iso, amma ya makara.

Jiya majalisa ta rufe garken. Dalilin da aka karanta shi ne kiwon yara bai yi nasara ba, tunda dabba ta mutu a wurin. Na tashi na faɗi wadda ta riƙe mabuɗi da abin da ragon ya ci, ba tare da na ɗaga murya ba. An gode mini. Josie ta ɗaga hannu, shugaban majalisar ya ce yara ba sa magana a zaman majalisa. Carol ta yi hawaye, aka miƙa mata hankici. Kusurwar za ta koma wurin sakin karnuka.

A hanyar gida Josie ta ce, “Kaka, da motar ta tafi da shi, da ya sha wahala haka?” Ban iya yi wa yarinyar ƙarya ba. Na ce a'a.

Na san halinka, za ka ce ka aiko mata da wani ɗan rago idan sanyi ya wuce. Kada ka aiko. Babu inda za ta sa shi.

Taka har kullum,
Lorraine