Ranar da Aka Ce Kibala Ta Ƙone

Litinin, 6 ga Yuni

Yau aka ce mun mutu. Ina shanya kifi yayata Muanassa ta kira daga Pemba tana kururuwa, wai an ƙone Kibala ƙurmus. Na ce, "Haba Yaya, to da gawa kike magana?" Ashe a waya ta gani. Manyan 'yan dajin nan, waɗanda ke can ƙasashen Larabawa, su suka fitar da sanarwa cewa mayaƙansu sun cinye garinmu. Mun sha dariya a bakin teku. Baba ya ce tunda ya rasu, a daina tashinsa gyaran komar kamun kifi.

Talata, 7 ga Yuni

Ba mu ba ne, Kipala aka ƙone, wani gari kudu da mu. Liman Abudo ya ce Larabci ba shi da harafin "p" da ke tsakiyar sunansu, shi ne masu sanarwar suka rubuta namu. Allah Ya ji ƙan mutanen Kipala.

Alhamis, 9 ga Yuni

Motar kasuwa ba ta zo ba. Mai sayen kifi ma haka. Sojojin da ke leƙo mu duk mako ko ƙurarsu. Liman ya kira wani babbansu, ya ce masa ga mu nan da ranmu, wai sai ya ce za su bincika. A binciki me, don Allah?

Dangin mijina marigayi a Nampula har sun yi mana sadaka. Garin ya yi tsit kamar gidan makoki, kowa na magana ƙasa-ƙasa, ban san wa muke tsoron ya ji ba.

Asabar, 11 ga Yuni

Ina gonar rogo da rana tsaka, na ɗago kai sai ga Sumail, ɗan ƙanin Baba, wanda ya bi 'yan daji shekarun baya. Ya rame, wando iya ƙwauri, ba bindiga. Ni na goya yaron nan fa.

"Yaya Atija, ya jikin Baba?"

Na ce, "Kana da bakin tambayarsa, mara kunya?"

Ya tumɓuke rogo ya hau ci ɗanye da ƙasarsa. Can ya ce, "Manya sun rubuta Kibala. Yanzu hotunan ƙonewarta suke nema."

Na ce ai kuskure ne, ku gaya musu mana. Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Wa zai ce wa mai aiko masa da harsashi ya yi kuskure? Duniya ta riga ta karanta, Yaya. Ku ɗauki Baba ku tafi kafin sabon wata."

Ya shige daji ko sallama babu. Wallahi ban ji takunsa ba.

Lahadi, 12 ga Yuni

Na gaya wa Liman. Kafin la'asar an fara ɗaure kaya.

Baba kuwa ya ƙi. Yana zaune gindin kwakwa yana ɗinkin koma, ya ce, "Ni da shekaruna harafin wani ne zai kore ni daga gidana? Su gyara rubutunsu." Tsoho da taurin kai! Na yi faɗa, na yi kuka, na durƙusa. Sai cewa ya yi, "Tashi, Atija, kin take mini zare."

Talata, 14 ga Yuni

'Yata Awaje ta tambaye ni ko wuta na jin zafi in mutum ya riga ya mutu. Wa ya gaya mata?

Laraba, 15 ga Yuni

Jirgin ruwan Selemane, mai kai mutane Pemba, shi ne na ƙarshe, zai tashi gobe in ruwan teku ya cika. Na dafa wa Baba tuwon rogo mai yawa, na cika tuluna. Na ce zan kai Awaje ne kawai in dawo. Ya ce, "To." Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Asabar, 18 ga Yuni, Pemba

Mun iso. Ɗakin Muanassa ya cika, a tsakar gida muke kwana.

Da muka sauka jiya wata mata mai raba ruwan sha ta tambaye ni daga ina. Na ce Kibala. Ta kama baki. "Wayyo, wadda aka ƙone? Kin rasa wani?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin harafin nan, kamar yadda na yi wa kowa. Sai na ji na ce, "Mahaifina."

Wata bai tsaya ba tukuna. Wayar Baba na shiga, Muanassa ta gwada da safe, ta miƙo mini tana ringi. Na ce hannuna da kifi.