Bajon Kakana da Na Ɗinka da Hannuna

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya fara zagina ya daure ya karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema.

Ni haifaffiyar Makka ce, a unguwar Mansur na tashi, a nan kuma nake aure da 'ya'yana. Sana'ata surfani, ina yi wa abaya da huluna ado da hannu, tun ban iya ɗaura zani ba allura take hannuna. Mijina, bari in kira shi Abu Walid ko da yake ba haka ake kiransa ba, yana da ɗan shagon kayan da: tsofaffin sulalla, kan sarki, agoguna, da bajon sojoji. Bajo shi ne ɗan ƙyallen nan mai zane da ake ɗinka wa soja a kafaɗar riga don a san rundunarsa. Ni ma da farko dariya na yi da na ji wai akwai manyan mutane da gemunsu da suke tara irin wannan tsumma, amma akwai su, kuma na zamanin yaƙi suke bi ido rufe. Matsalar ita ce na jabu sun fi na gaske yawa a kasuwa, shi kuwa maigidan nawa bai san bambancin auduga da leda ba. Don haka ni ce idonsa. In an kawo masa bajo sai ya taho da shi gida, in juya bayansa in ga tafiyar allura, in haska shi da wata 'yar fitila mai shuɗin haske da ke sa sabon zare ƙyalli, in tsinko silin zare ɗaya in kai bakin wuta. Tsohuwar auduga toka take zama, ulu ya yi ƙaurin gashi, zaren zamani kuwa sai ya narke ya dunƙule. Sai in shinshina, domin wanda aka tsufar da ruwan shayi ba ya ɓoye min. Abin da na faɗa shi yake zuwa ya faɗa a shago yana shafa gemu kamar shi ya gano, har aka san shi da cewa ba a yi masa wayo. Ban taɓa damuwa ba, daɗi ma nake ji.

To mu ma a gidanmu akwai bajo guda. Kakana, mahaifin Baba, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Da ya dawo bai iya zama a garinsu ba, ya ce abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya yi sai ya kai su gaban Ka'aba. Ya warware bajon daga rigarsa, baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle, ya ɗauki matarsa Iya suka kamo hanya a ƙafa. A Sudan aka haifi Baba, a can kuma ƙafar gizo-gizon ɗaya ta zare, Iya ta gyara ta da zaren hula. Ban da wannan ƙyallen babu abin da Kaka ya bari, ko hoto babu. Yana cikin wani ɗan gwangwanin alewa a ƙarƙashin matashin Baba. Shi Baba yanzu ciwon suga ya tafi da idonsa gaba ɗaya. Sunan Iya aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Bara Abu Walid ya je ya durƙusa gaban Baba, ya ce a ba shi aron bajon ya kai a ɗauke shi hoto mai kyau, saboda jikoki. Baba ya ba shi, har da sa albarka. Abu Walid ya kawo min gida ya ce, “Ummu Walid, ki ɗinka min irinsa in rataye a mahal, shagon nan nawa, ado kawai, zan rubuta taƙlid a ƙarƙashinsa kowa ya san kwaikwayo ne.” Na ce to. Kuma a nan ne nake so ku gane irin matar da ke rubuto muku, domin ban yi aikin gama-ka-tashi ba. Na nemo tsohon ƙyalle, na warware baƙin zare daga wani tsohon mayafi, na zauna na ƙirga ɗinkin ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya, har gyaran Iya na kwaikwaya da karkacewarsa. Da ya ce ɗinkin ya cika sabunta, ba zai yi kyau kusa da sauran ba, ni ce na jiƙa shi a shayi, na shanya a inuwa, na turara shi da irin turaren ɗakin Baba. Don Allah wane adon shago ne yake buƙatar ƙanshin ɗakin Baba? Ban tambayi kaina ba? Na tambaya, sai na kawar da kai, saboda aikin yana yin kyau kuma ina son in ga iyakar hannuna. Abu ɗaya kawai na bari. A bayan na asalin akwai wani ƙulli da Iya ta yi inda ta ƙare gyaranta, ƙato kamar ƙwayar dawa. Ya yi min muni, na ce ai baya ne wa zai gani, na ɓoye bakin zarena yadda na saba. Abu Walid ya karɓi duka biyun, washegari ya ce ya mayar wa Baba gwangwaninsa.

Ban ƙara bi ta kan maganar ba sai da aikin Hajji ya zo. Al'adar gidanmu ce duk shekara dangi da suka zo daga gida, waɗanda aka sauke a masaukin alhazai na Aziziyya, su zo Mansur su ci tuwo su gaida Baba. In an ci an sha sai ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro gwangwanin, ya ba da labarin Kaka, bajon ya zaga hannu zuwa hannu. Ina tsaye da butar shayi bajon ya iso wurin wata gwaggonmu da ke kusa da ni, ta juya bayansa, sai na ga aikin hannuna. Wallahi kamar in ga fuskata a madubi. Wani mijin 'yar'uwarmu mai yawan barkwanci ya karɓa ya ce, “Alhaji, anya wannan ya ga Bama kuwa? Ai gizo-gizon nan ya fi ni lafiya.” Aka yi dariya. Baba ma ya yi, ya ce, “Ga mai zare nan a tsaye. Uwata, gaya masa.” Kowa na jirana, Abu Walid yana bakin ƙofa yana danna waya. Na buɗe baki na ce, “Asli ne, Baba. Na Kaka ne.” A garin Makka, a watan Hajji, a gaban mahaifina makaho. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni ƙyama.

Da muka koma gida na tsare Abu Walid. Yana zaune yana cin ful da tamis, wato wake da gurasa, bai ko ajiye lomar ba.

Na ce, “Ina na Kaka?”

Ya ce, “Khalas, magana ta ƙare, ya tafi. Wani mai tarawa ne daga Khalij, ƙasashen Larabawan nan na bakin teku, ya daɗe yana neman mai gizo-gizo, kuma irinsu in abu ya shiga hannunsu ba ya fita.”

Na ce, “Kayan mahaifina ka sayar?”

Ya ce, “Ya Ummu Walid, ki yi tunani. Baba yana gani ne? Asli da taƙlid duk ɗaya ne a hannunsa. Yana da abin shafawa, yana da labarinsa, me ya rage shi da shi? Kuma ke da bakinki kika ce asli ne, ni ban ce komai ba.”

Ya ci gaba da cin abincinsa, man zaitun yana bin yatsunsa. Tun daga ranar ba na iya cin abinci a kwano ɗaya da shi. Mutumin nan fa ba ya wasa da sallah a Harami, shi ne mai kawo wa Baba zamzam duk mako, ya durƙusa ya sumbaci kansa ya ce “Allah ya ƙara lafiya, ya Ammi”, Baba yana sa masa albarka. In na ga haka sai in fita tsakar gida in tofar da yawu. Daga baya na gano har hoton Baba ya tura wa mai sayen, yana zaune da gwangwanin a cinya, don a tabbatar kayan daga gidan sojan ya fito. Kuma bai ji kunya ba ya shigo min da sabon rawayan yadi, wai in ƙara yin wasu, ai kowanne za a samo masa kakansa. Na watsa masa yadin a jiki. Amma wace ce ni da zan yi fushi? Shi ya yi sata, ni na ɗinka mata riga, na fesa mata turare, na kuma tsaya gaban jama'a na yi mata shaida.

Za ku ce in je in faɗa kawai. Ga abin da ya ɗaure ni. Mu 'yan ƙasa ne, shi ba ɗan ƙasa ba ne, iƙamarsa, wato takardar zamansa, da shagon duk a ƙarƙashin sunan babban yayana suke. Yaya kuwa mutum ne da ba ya haɗa Baba da kowa, kuma dama can bai taɓa son auren ba. Ranar da ya ji, ba zai yi ko musu ba, takardun zai soke a sa uban 'ya'yana a jirgi zuwa ƙasar da ko shi bai san kowa a cikinta ba. Ina ƙyamarsa, amma yarana suna gudu su tare shi a ƙofa. Shi ya sa na yi shiru wata da watanni, ina zuwa gaida Baba ina kauce wa kallon matashinsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Baba kunu bayan an sauko daga masallaci. Ya sa kowa ya fita, ya ce in zauna kusa. Ya ciro gwangwanin ya buɗe, ya ɗora bajon a tafin hannunsa ya juya shi, babban yatsansa yana yawo a bayan ƙyallen, yana komawa wuri ɗaya.

Ya ce, “Uwata, kin san Iya bahaguwa ce?”

Na ce ban sani ba.

Ya ce, “Bahaguwa ce. In ta ƙare ɗinki sai ta yi wani ƙulli nata, a karkace, ƙato. Duk rigunana na yarinta da shi. Tun da idona ya tafi, in na yi kewarta nan nake taɓawa. To tun bara nake nemansa ban same shi ba. Na ce ko yatsun ne su ma suka fara mutuwa, kin san ciwon nan.” Sannan ya ce, “Ban gaya wa yayanki ba, kin san halinsa. Ke ce idona. Ki tafi da shi ki haska da fitilar nan taki, ki duba min da kyau. Juma'a mai zuwa abin da kika gaya min shi zan karɓa, ba zan ƙara tambayar kowa ba.”

Ya kamo hannuna ya sa gwangwanin a ciki, ya rufe da nasa. Bai ce yana zargin kowa ba. Shekara guda tsohon nan yana zargin yatsunsa, ni kuwa ina kawo masa kunu.

Na zo gida na gaya wa Abu Walid, a zatona ko yanzu zai ji wani abu. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce, “Tayyib, ai abin ya zo da sauƙi. Ƙulli ne kawai. Ki yi masa, ki ce ya shige cikin ƙyallen ne kika fito da shi da allura. Ya samu uwarsa, mu samu zaman lafiya.” Na ce masa Allah ya isa tsakanina da shi, na shige ɗaki.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Jiya da hantsi, yara suna makaranta, na tsinci kaina zaune da wani guntun ƙyalle da ragowar baƙin zaren nan, allura a hannuna na hagu. Na ce gwadawa kawai zan yi in gani. Na farko ya kwance, na biyu ya yi ƙarami. Na ci gaba har ya fito, a karkace, ƙato kamar ƙwayar dawa. Na rufe ido na shafa shi da babban yatsa yadda Baba yake yi, kuma na san zai wuce. Na tashi na tura guntun ƙyallen cikin durowa.

In na yi ƙullin, Baba zai rasu yana shafa aikin hannuna yana kiran uwarsa, kuma ni ce zan riƙa zama gefensa ina kallo. In ban yi ba na ce masa asli ne, na bar shi da cewa yatsunsa sun mutu. In na faɗi gaskiya zai tambaye ni wa ya ɗinka, kuma ya san mutum ɗaya ce a zuri'arsa take da wannan hannun, daga nan magana ta isa kunnen Yaya. Gwangwanin yana cikin durowata, guntun ƙyallen da na gwada yana kusa da shi, na kasa jefar da shi. Jibi Juma'a, zai sa kowa ya fita ya ce, “Uwata, me kika gani?”

'Yan'uwa, ku gaya min tsakaninku da Allah, me zan yi?