Huɗar Zubair Ta Karkace

Fatakwal, farkon damina

Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da iyali. Yaya ruwa a Tsanyawa? Takarda na rubuto, don a waya ba ka barin mutum ya dire magana.

Na ji an kai ƙanenmu Zubair gaban mai unguwa, wai ya sa garma ya ci iyakar gonar Malam Basiru. Haba Yaya! Yaron da ake rububinsa ranar gayya saboda miƙewar huɗarsa? Matarsa Humaira ta gaya mini tun bazara yake farkawa da ciwon kai, ya yi ta amai cikinsa wayam, kuma kullum sai ya buge ƙyaure da kafaɗar hagu. Gambar iyakar nan ma ta hagunsa take. Ganinta ne ba ya yi.

Ku kuwa kun gama shari'a, ƙwaya yake sha. Da ya faɗi a gona yana karkarwa, kuka ce a'a, iska ce, aka dinga turara shi. Ban raina addu'a ba, amma a haɗa da asibiti. Don Allah ka kai shi Kano a ɗauki hoton kansa, kada ka jira kaka.

A gaida Inna.
Ƙanenka, Yuguda

Fatakwal, bayan kaka

Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Yaya gajiyar jinya, yaya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

To, kaka ka jira. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa, an cire, ran ya tsira, idanun sun tafi. Ba zan ci haƙƙinka ba: ka sayar da bijiminka, ka kwana a barandar asibiti, ni ina nan ina sauke buhunan albasar wasu. Amma gero bai fi idon Zubair ba, Yaya, kuma na gaya maka.

Abu ɗaya nake roƙo. A ƙofar masallacin da aka kira shi ɗan ƙwaya, ka miƙe ranar Juma'a ka faɗi abin da likita ya gani, Malam Basiru yana ji. Ka ce musu ciwon kan da ke ƙaruwa kullum, da aman safe, da gani ya ragu ta gefe, da farfaɗiya ga babba wanda bai taɓa yi ba, ko hali ya sauya haka kawai, a garzaya asibiti. Ba kowane ne ƙari ba, amma a bar likita ya faɗa.

Humaira ta ce Inna na ta tambaya ko da an kai shi da wuri da yana gani. Ka san Innar ce ta riƙe kaskon hayaƙin da aka turara shi. Ka ce mata Allah ne masani, sauran ni da kai mu ɗauka.

Ka riƙe hannun Zubair ka ce ina gaishe shi.
Ƙanenka, Yuguda