Naushin Yakubu a Bukit Jalil

Daren Lahadi, Sri Petaling.

Na sake kallon bidiyon nan. Wani ɗan kallo ne ya ɗauka da waya jiya a Bukit Jalil, nan ƙasar Malay da muke zaune, wajen wasan mawaƙan rok da ƙanena Yakubu ya nace sai ya je. Mai jita yana fyaɗa ta da ƙasa, ganga kamar ana rushe gida. Sai mawaƙin ya ɗaga hannu, jama'a suka dare gida biyu, suka auka wa juna a guje, kafaɗa da ƙirji.

Ga Yakubu nan a tsakiya. Wani saurayi ɗan Malay ya bangaje shi, shi kuwa ya juyo ya narka masa naushi a hanci. Jini har riga.

Ɗazu na same shi a kicin, shinkafar da ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshe, tana gabansa, ya kasa ci. Na ce, "Haukacewa ka yi? Wasa ne fa! In makaranta ta gani, bizarka ta tafi."

Ya ce, "Yaya, a Jos in kin ga taro ya rabu biyu, wasa ne?"

Ni ma ban manta ba.

Ƙarshen bidiyon ne ya hana ni barci. Yakubu ya zame ya faɗi cikin ƙafafu, ya dunƙule, ya rufe kai yana jiran a gama da shi. Hannun da ya ɗaga shi na saurayin nan ne, jini na zuba, yana tambayarsa ko ya ji ciwo.