Haƙorin Lindalva

Zuwa ga maigidana Aldenor,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aikin gini, yaya sanyin São Paulo? Mu nan ƙalau, wake ya yi, akuyarka mai taurin kai ta haifi biyu.

Sai dai haƙorin 'yarmu Lindalva na gaba, wanda ya gutsire bara, ya tashi da ciwo. Likitar asibitin ƙauyenmu ta ce ita cirewa da ciko kaɗai take yi. Amma an buɗe cibiyar ƙwararru a birni, suna wanke jijiyar haƙori su bar shi a baki, kuma kyauta. Ta sa sunan yarinyar a layi. Ka ji fa, cibiya ɗaya ga garuruwan yankin nan kaf! Ni dai na ce mu jira.

Mama kuwa kullum sai mita. Wai a zamaninsu uba mai son 'yarsa shi ne ke kai ta a kwashe mata haƙora duka, a sa na roba, ta huta har abada. Ni ma haka aka yi mini ina budurwa, har murna na yi. Ban so wa Lindalva wannan hutun ba, Aldenor.

Taka,
Jucileide

Zuwa ga maigidana Aldenor,

Ina gaishe ka, da fatan tarin nan ya sake ka. Ka zauna kafin ka karanta.

Damina ta zo ta wuce muna jira. Fuskar yarinya ta kumbura, ko kofi ba ta iya kurɓa, makaranta ma ta daina zuwa. Ranar kasuwa ina wurin suyar garin rogo, Mama ta kama hannunta ta kai ta wajen tsohon nan mai cire haƙori a bayan coci, ya cire mata shi. Da na dawo na buɗe baki zan yi faɗa, sai Mama ta ce, "'Yar nan, ke kina jiran gwamnati, ni kukan jikata nake ji."

Da kuɗin ƙwan kajinta ta biya. Kuma ranar yarinyar ta yi barci har da minshari.

Sati bai zagayo ba ma'aikaciyar lafiya ta zo da fara'arta, wai layi ya zo kanmu, motar ƙaramar hukuma za ta ɗauke mu. Na ba ta kujera, na kawo mata ruwa, na gaya mata an riga an cire haƙorin. Daga baya ta ce akwai wani layin na haƙorin roba, na ce ta rubuta mu.

Ba na fushi da kowa, zuciyata ce dai ke ciwo. Jiya ƙaninta ya yi wani shirme, Lindalva ta fashe da dariya, sai na ga ta yi maza ta kai tafin hannu ta rufe baki. Daidai yadda nake yi, kuma wallahi ban taɓa koya mata ba.

Ka kira ta ran Lahadi, amma kada ka ce ta turo hoto.

Matarka,
Jucileide