Alƙibla a Tsakiyar Daji

Asabar, bayan sallar isha'i, Wangsa Maju

Ƙafafuna ciwo suke yi, amma har yanzu dariya nake. Yau mu huɗu muka shiga dajin da ya kewaye wani dutse a bayan gari, don murnar gama karatuna. Ba abin da ban tanada ba, har da gishiri saboda matsattsaku.

Da azahar ta yi, muka yi alwala a rafi. Itatuwa sun rufe rana, waya ba sabis, sai na ciro kamfas na nemo gabas daidai, na ja mu salla. Muna sallamewa, dattijon da ke mana jagora ya ce a hankali, "Makka tana bayanku."

Kunya ta kama ni. A wannan ƙasar da ke can gabas da Makka, alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Shekara biyu ina bin kibiyar alƙibla da aka zana a silin ɗakina, ban taɓa tambayar inda ta nufa ba.

Abokina Habibu ya ce, "Injiniya, ashe har yanzu a Fagge kake!"

Na ɗauka ba mai sake bina salla, na fara ja da baya. Sai ya tura ni gaba yana dariya: "Liman, juya kawai, muna bayanka."