Sunan da Na Kira a Tsohuwar Silima

Zuwa ga matata Munira, sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, ruwan farko da ke sauka a fadama bayan dogon rani.

Yau kwana tara da kawunki Hodi ya tafi da ke Argungu ya bar ni a Birnin Kebbi. Kwana tara! Kina cin abinci kuwa? Ni dai tuwo ya zame mini ƙasa a baki.

Kullum sai na je na tsaya a ƙofar tsohuwar silima, ban san ko in gode mata ko in tsine mata ba. Baba ya kalli fina-finan Indiya a cikinta tun ba ta da rufi. Da majigi ya mutu, 'yan siyasa suka yi ta ihunsu a ciki, aka yi bukukuwan aure, daga baya aka kwashe kujeru aka mai da ita wurin ajiyar shinkafa. A can na fara ganinki. Ina jera buhuna a kan dandamali, ƙaiƙayi ya shaƙe ni, ke kuma kin rako shinkafar mahaifinki, kina dariyar tarin da nake yi. Wayyo wannan dariya! Har gobe ban warke daga ita ba.

Da aka share ginin bana don a dawo da wasan kwaikwayo, ni na nace mu fito tare, miji da mata a gida, miji da mata a dandamali. Kin ja da baya, na yi ta cika baki. Kika fito a Sauda, aka tsara in yi wa Sauda saki uku. Da na ga hawaye a fuskarki, hawayen wasa fa, kaina ya juya, bakina ya bar Sauda ya kira Munira. Daidai nan lasifika ta ɗauke, 'yan kallo ba su ji ba. Kawu da ke layin gaba ya ce kunnensa ya kama, amma ba zai iya rantsuwa ba. Saura ke kaɗai.

Jibi Malam Abdussamadu zai tambaye ki sunan da kika ji. Ya ce in Sauda na kira, wasa ne. In ke na kira, magana ta yi nauyi, don ba a wasa da saki.

Abokaina sun ce in roƙe ki ki ce Sauda. Wallahi da wannan niyya na ɗauki biro. Na kasa! Yaya zan ɗora miki ƙarya a gaban malami? Yaya za mu zauna ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa yana tambayar zuciyarsa ko zaman ya halatta? Tsoro nake ji, Munira, tsoron da ban taɓa ji ba, amma ki faɗi abin da kika ji. Ni kuma zan rantse suɓutar baki ce, ban taɓa nufin rabuwa da ke ba. Wataƙila ya karɓa, wataƙila ya ƙi.

In ya karɓa, da kaina zan zo in ɗauke ki. In ya ƙi, zan kulle ɗakinki yadda kika bar shi, ba macen da za ta taka shi ina raye.

Naki har abada, ko Malam ya ce miji, ko ya ce tsohon miji,
Ja'afar